Abin da ya kamata ku sani: yadda ake hana annoba yaɗuwa a asibiti

Ranar 20 ga Yulin 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas jiki ba daɗi, aka wuce da shi asibitin First Consultants. Da farko zazzaɓin cizon sauro aka zata. Dakta Stella Ameyo Adadevoh ce ta yi zargin Ebola, ta kuma hana a sallame shi duk da matsin da ta sha. Ita ma ta kamu, ta rasu cikin Agusta. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, takwas suka riga mu gidan gaskiya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne. Haka zazzaɓin Lassa ya yi tun ranar da aka gano shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno: ma'aikatan jinya ya fara kashewa. A Janairun 2020 ma ya kashe likitoci biyu a Kano bayan sun yi wa wata mai juna biyu tiyata.

Annoba ba ta shiga asibiti da sallama. Tana shigowa ne a jikin mutumin da ke kama da kowa, mai zazzaɓi da ciwon kai, ya yanki kati ya zauna kan benci tsakanin tsohuwa mai hawan jini da mai goyo. Saboda haka kariya daga bakin ƙofa take farawa, tun kafin a ga likita. A sa ma'aikaci a wurin ya auna zafin jiki ya yi tambayoyi: kwana nawa da fara zazzaɓin, akwai tari ko amai ko zubar jini, an yi tafiya kwanan nan, akwai wanda ya yi irin wannan ciwon ko ya rasu a gida? Wanda amsarsa ta ta da hankali a ba shi takunkumi, a kai shi wani ɗaki ko rumfa daban, a duba shi da wuri.

Nan ne mu jama'a muke da hakki a wuyanmu. Mutum yakan ɓoye cewa ya yi jinyar mai irin ciwon, ko ya wanke gawa, don tsoron a killace shi ko mutanen unguwa su riƙa nuna shi. Tsoron abin fahimta ne, amma wannan ɓoyon shi ke sa nas ta taɓa jini da hannu tsirara. Kuma maganin Lassa ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko na ciwon, don haka mai ɓoyewa, kansa yake fara cuta.

Ɗakin jira yana bukatar iska. Korona, wadda ta bayyana a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, ta numfashi take bi, kuma ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso. A buɗe tagogi, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin mutane, in da hali a mayar da jira ƙarƙashin inuwa a waje. Ƙaramin asibiti na iya raba wa mutane lokaci, masu awon ciki da rigakafin yara su zo a sa'o'in da ba za su haɗu da masu tari ba.

Sai hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke shi da ruwa da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko a goga sinadarin tsaftace hannu na daƙiƙa 20 zuwa 30, kafin taɓa maras lafiya da bayan taɓa shi. Safar hannu ba ta maye gurbin wannan. Wadda aka duba mutum uku da ita ta zama abin raba cuta. Inda famfo ba ya kawo ruwa, bokiti mai kan famfo da sabulu a ƙofar kowane ɗaki ya wadatar, muddin akwai wanda aka ɗora wa cika shi.

Kayan kariya kuwa, wajen cire su aka fi kamuwa, lokacin da mutum ya gaji, gumi ya jiƙa shi, hannu na son kaiwa fuska. Dole a koya a kuma maimaita, wani ya tsaya yana kallo. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da masu shara da masu wankin zannuwan gado da masu tura keken marasa lafiya. Su ke kwashe amai da jini da allurai, amma su ne na ƙarshe wajen samun safar hannu da horo. Ma'aikacin da ya tashi da zazzaɓi kuma a bar shi ya huta a gida ba tare da an yanke masa albashi ba, in ba haka ba zai daure ya zo aiki da cutar.

Dubiya ibada ce a wurinmu, amma lokacin annoba mai jinya ɗaya ya isa, sauran dangi su gaishe shi ta waya. Kada kuma tsoro ya sa mai naƙuda ko mai ciwon sukari ya ƙaurace wa asibiti. Wanda yake zargin ya kamu ya fara kiran lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa (NCDC), 6232, ko ya sanar da asibitin tun kafin ya iso, don a tarbe shi a ƙofar da ta dace.