GOGAYYA

Duk wanda ya taɓa sauka bakin Gulbin Zamfara a Gummi da damina ya san santsi. Amma da rani mu kan taka wurin nan, ba mu faɗuwa. Me ya sa?

Ga dalili. Kowane abu, ko da mun gan shi sumul, yana da ɗan kaushi wanda ido ba ya gani. In abu biyu sun haɗu, kaushin wannan ya kan sarƙe da na wancan, ya hana su zamewa. Wannan riƙo shi a ke kira gogayya. In laka ta shiga tsakanin ƙafa da ƙasa, riƙon ya ragu, sai mutum ya zame.

Gwargwadon nauyi, gwargwadon gogayya. Shi ya sa jan cikakken buhun gero a ƙasa ya fi jan rabin buhu wuya.

Gogayya ta kan kawo zafi. Mu kan murza hannu da hunturu, mu ji ɗumi. Ta kan kuma ci abu. Ku duba yadda igiyar guga ta ke yanka icen bakin rijiya, da yadda dutsen niƙa ya ke yin rami. Abin da ya cinye ba ɓacewa ya yi ba, ƙura ya zama.

A nan ne mu ka ga hasara. Duwatsun zinariya na ƙasarmu suna da dalma a ciki, dalma kuwa guba ce. Mutane su ka riƙa dakansu da niƙansu a cikin gida, har da injin niƙan hatsi. Ƙura ta zuba a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A shekarar 2010 a ka gane cutar a Dareta da Abare ta ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 su ka rasu.

Saboda haka kada mu kawo dutsen zinariya gida. A niƙa shi nesa da gari, da ruwa, don ƙura ta kwanta. Turmin abinci dabam, na dutse dabam. In mun tashi aiki, mu yi wanka, mu sake tufa kafin mu ɗauki yaro.

TAMBAYOYI

1. Me ke hana ƙafa zamewa?
2. Ina abin da gogayya ta ci ya ke zuwa?
3. Don me a ke niƙa dutsen zinariya da ruwa?