Cin Garin Abokin Gaba Da Wahalar Da Ke Biyo Bayansa

Akwai wani wasan kwamfuta na tarihi da ake kira Colonization, wanda Sid Meier, mutumin Amurka, ya fitar a 1994. Mai wasa yakan zaɓi ɗaya daga ƙasashe huɗu, watau Ingila ko Faransa ko Sifen ko Holan, ya tura jiragen ruwa Amurka ya kafa garuruwa. Ba shi da ikon ɓallewa daga sarkinsa sai rabin jama'arsa sun yarda. In ya ƙwace garin abokin gaba, ya sami gonaki da ma'aikata a ɓagas, amma ya ƙara bakunan ciyarwa da wuraren tsaro, ga kuma baƙin talakawa waɗanda zuciyarsu ba ta tare da shi.

Masu tsara wasan ba da ka suka yi ba. A 1763 Ingila ta karɓe Kanada daga hannun Faransa bayan yaƙin shekara bakwai. Yaƙin ya bar ta da bashi mai nauyi, sai ta aza wa mutanenta na Amurka haraji a 1765. Su kuwa dā tsoron Faransawa ne ya sa suke manne da sarkinsu. Da tsoron ya kau, suka ga ba dalilin biya. A 1776 suka ce sun ɓalle.

To, malamin da yake son ya fahimtar da yara wannan al'amari ba sai ya kai su bayan teku ba. Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda yau suke Jihar Jigawa, dā can bakin iyakar ƙasar Kano ne, suna fuskantar duwatsun Ningi. Ningawa sun daɗe suna kawo hari wannan yanki, suna kama mutane suna kora dabbobi, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su. A wancan zamani manomi ba ya nisa da ganuwa. Da safe ya fita gona, kafin magariba ya shigo a rufe ƙofa. Wanda ke kwana cikin ganuwa kuwa ba shi da wuyar ƙirgawa, ba shi da wuyar karɓar kuɗin ƙasa.

Turawa suka ci Ningi a 1902, suka ci Kano a watan Fabrairu 1903. Hari ya ƙare, kowa ya yi murna, haka kuma ya kamata. Amma ga abin da ya biyo baya: talakawa suka fara fita daga ganuwa suna sarar daji, nan gida uku, can gida biyar, wasu inda ko mai unguwa bai san da su ba. Hakimin da ya saba zama birnin Kano yana aiken jakada bai iya riƙe irin wannan jama'a daga nesa. Kafin 1910 an umurci hakimai su bar birni su tare a gundumominsu, aka haɗa su da malaman haraji.

Aikin da tsoron Ningi yake yi wa hukuma kyauta, shi ne ya koma kan akawun En'e, yana bin ƙauyuka bisa doki da rani, da kundi da alƙalami, yana rubuta sunan kowane magidanci.