Ɗaukar 'Yan Jinga da Farfaɗowar Tattalin Arzikin Amurka

Idan kasuwa ta fara motsi bayan karayar tattalin arziki, mai kamfani ba ya gaggawar ɗaukar ma'aikacin dindindin. Ciniki ya ƙaru, amma bai san ko zai ɗore ba, ga shi ma'aikacin dindindin tafe yake da nauyin inshorar lafiya da fansho. Sai ya nemi na wucin gadi ko ɗan jinga, wanda za a biya shi kuɗin aikinsa a rabu lafiya. Shi ya sa masana ke sa ido kan wannan rukuni, tunda Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

An ga haka a Amurka. Karayar da ta fara a Disambar 2007 ta ƙare a Yunin 2009, amma rashin aikin yi bai daina hawa ba sai da ya kai kashi 10 cikin 100 a watan Oktoba. A ƙarshen shekarar kuwa tuni kamfanonin samar da ma'aikatan wucin gadi suka koma ɗiba, alhali jimillar ayyukan ƙasar ba ta juyo ba sai farkon 2010. Ma'aikatan wucin gadin ne kuma aka fara sallama tun kafin karayar ta bayyana. Mai sauƙin ɗauka shi ne mai sauƙin kora, kuma wannan ne abin da ya fi damuna: ma'aunin da masana ke yabo, da rashin tabbas na magidanta aka gina shi.

Sai dai ma'aunin ya fara ruɗarwa. Daga 2022 yawan ma'aikatan wucin gadi a Amurka ya yi ta raguwa fiye da shekara biyu, aka yi ta jiran karaya, ba ta zo ba. Daga cikin dalilai akwai ƙarancin ma'aikata bayan korona, wanda ya sa kamfanoni riƙe nasu da mayar da na wucin gadi dindindin. Wani aikin kuma ya koma dandalin intanet irin su Upwork da Fiverr, inda ɗan jinga ba ya shiga wannan lissafi.

A ganina, yawan ɗauka kaɗai ba hujja ba ce. Abin dubawa shi ne ko bayan wasu watanni ana ba waɗannan mutane takardar aiki ta dindindin. In ba a ba su ba, kamfani rage kashe kuɗi kawai yake yi.

Kada kuma a ɗauko ma'aunin nan a aza wa Nijeriya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba sa cikin tsarin aiki na hukuma, don haka jinga a nan dole ce ta sa. Matashin Kano da ya samu aikin zane daga Landan ta Fiverr, kasuwar Ingila ce ta motsa, ba ta Kantin Kwari ba.