Shaidar Yatsa a Bakin Iyaka

Tun kafin a san takarda mai tambarin hukuma a ƙasar Dandi, jikin mutum ne ke faɗar asalinsa, domin fataken da suka riƙa ƙetare Kwara da jakunansu za su Gwanja sayen goro, in sun sauka zango ba a tambayarsu wata wasiƙa. Tsagar da wanzami ya yi musu a kumatu ita ke nuna wannan Bakabe ne, wancan Bagobiri, na bayansa kuwa Ba'are. Malaman fiƙihu ma ba su jahilci wannan babi ba, gama marubutan takardun bashi da na ciniki, idan ba su san mutum da suna da nasaba ba, sukan siffanta shi da tsawonsa da launinsa da tabon jikinsa, don kada gobe wani ya zo ya yi da'awar shi ne. Zanen yatsa kuwa, a 1858 ne wani jami'in Ingila mai suna William Herschel ya fara sa mutane su dangwala hannu a kan yarjejeniya a ƙasar Indiya.

Wannan al'amari ya iso Guéné, garin nan na kudu da Malanville a kan hanyar Kandi, da cikakken ƙarfinsa tsakanin Nuwamban 2017 da Afrilun 2018, lokacin da gwamnatin Benin ta yi ƙidayar da ake kira RAVIP, aka ɗauki hoton fuska da zanen yatsun jama'a, aka shigar da mutum fiye da miliyan 10 cikin kundi guda. Hukumar ANIP ce ke riƙe da kundin, ita ke ba kowa lamba tasa shi kaɗai har mutuwa, daga cikinsa kuma aka fitar da jerin masu zaɓen majalisa na Janairun 2023. Maslahar abin ba ta ɓuya ga mai hankali: mutum ɗaya ba zai shiga kundi sau biyu da suna biyu ba, talakan da bai taɓa mallakar takarda ba kuma ya sami abin nunawa a shingen 'yan sanda.

Amma ga inda mas'alar take. Na'ura, duk da ƙwarewarta, iyakar abin da take iya tabbatarwa shi ne yatsan da aka ɗora mata yau shi ne wanda aka ɗora bara. Ba ta san sunan uban mai yatsan ba, ba ta san shekararsa ba, balle ta san a wace gaɓar kogi aka yanke masa cibi. Duk waɗannan daga bakin mutane suke fitowa, shi ya sa a ƙidayar nan fiye da mutum miliyan 2 da ba su da takardar haihuwa da shaidar baki aka rubuta su. Ashe dai tsohuwar ƙa'idar alƙalai ta shaidu adalai ba ta kau ba, an dai ɗaura mata yatsa ne, ta yadda in magatakarda ya karkatar da suna, ko shaida ya ƙara wa mutum shekara biyar, to, kuskuren ya manne wa jikin bawan Allah, ya bi shi banki, ya bi ɗansa makaranta. A ƙasar da Dandawa da Fulani da Hausawa ke auratayya da mutanen Gaya ta Nijar tun kaka da kakanni, inda mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta a wancan ƙetaren ta haihu can, wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman tun da juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo rufe gadar Malanville, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, aka wayi gari tambayar ɗan wace ƙasa ne kai ta yi nauyin da ba ta yi a da ba.

Akwai kuma waɗanda na'urar kan ƙi yatsunsu, manoman albasa da shinkafa da fartanya ta cinye musu zanen hannu, da masunta, da tsofaffi. Waɗannan ba laifin kowa suka yi ba, bai kuwa kamata a sallame su hannu rabbana ba.

Batun sirri ya fi wannan zurfi. Wanda aka sace wa mabuɗi ya sake kwaɗo, wanda aka kwashi zanen yatsunsa fa, da me zai musanya su? Mutanen Afganistan sun ɗanɗana wannan a 2021, sa'ad da na'urorin shaidar jiki da sojan Amurka suka bari suka faɗa hannun waɗanda ba don su aka tara bayanan ba. Shari'a ta haramta tajassusi cikin Suratul Hujurat, ta kuma ɗora lamuni a kan wanda aka ba ajiya ya yi sakaci da ita. Dokar Benin mai lamba 2017-20, wadda aka sa wa hannu ranar 20 ga Afrilun 2018, ta bi kusa da wannan tafarki, gama ta shar'anta neman izinin hukumar kare bayanan mutane ta APDP kafin a tara irin waɗannan bayanai, ta kuma ba mutum haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara.

Sai dai dokar da Faransanci aka rubuta ta, hukumar kuma tana Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700. Galibin takardun yanzu ta intanet ake nemansu, saboda haka dillalin shanu a kasuwar Guéné, wanda karatunsa na allo ne, ba shi da zaɓi illa ya miƙa lambarsa da katinsa ga yaro mai shagon kwamfuta, yaron ya ɗauki hotonsu cikin wayarsa, su kwana nan tare da na ɗaruruwan mutane. Hukuncin dokar ya hau kan wannan yaro kamar yadda ya hau kan banki da kamfanin waya, alhali daga shi har dillalin ba wanda aka taɓa karanta wa ita da Dandanci ko Hausa ko Fulatanci.