Hoton shamuwa a sama: yabo kaɗai ba ya gyara hannu

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a ƙasar Magarya da Dungas, wajen watan Mayu, shamuwa kan dawo daga kudancin Afirka ta hau gyaran sheƙa a bishiyoyin cikin gari. A Kwaya da ƙauyukan kewaye ba a taɓa ta, don manomi ya san zuwanta albishir ne na damina. Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, matasa na ɗaukar ta hoto tana shawagi, su watsa a WhatsApp da Facebook, a yi ta ruwan "masha Allah". Amma da yawa daga hotunan nan, in ka zuba ido, ɗigon baƙi ne kawai a farin sama. Ba za ka iya rantsewa shamuwa ce ko hankaka ba.

Wanda ya san aikin, idon tsuntsun yake fara nema. In ido ya fito tar, sauran aibobi masu sauƙi ne. In kuwa kyamara ta kama abin da ke baya ta bar tsuntsun dishi-dishi, hoto ya mutu, babu gyaran da zai tashe shi. Gawo, wanda ya cika gonakin yankin nan, shi ne gwanin jawo wannan. Da damina yake zubar da ganye, sai rassansa da suka zama tsirara su ja hankalin kyamara, ka samu kowace ƙaya ta fito sarai, shamuwar kuma ta narke.

Sai dai ba kowane dishi-dishi ne iri ɗaya ba, kuma nan masu suka ke yawan kuskure. In komai na hoton ya karkaɗe, har bishiya da katanga, hannun mai ɗauka ne ya girgiza. In bishiya ta tsaya daram tsuntsu ya ja zare, ƙiftawar kyamara ce ta yi nawa. Babban tsuntsu kamar shamuwa ko zalɓe yana son ƙiftawar da ba ta wuce kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba, tsattsewa kuwa sai 1 cikin 2000 ko fiye. Ni dai ban ɗauki ɗan motsin bakin fiffike a matsayin aibi ba, matuƙar kai da ido sun tsaya. Shi ne ma ke nuna tsuntsun da rai yake. Tun 1884 wani Bajamushe, Ottomar Anschütz, ya ɗauki 'yar'uwar shamuwa ta Turai tana tashi da sauka a sheƙa, kuma hotunansa na cikin abin da Otto Lilienthal ya nazarta kafin ya ƙera fukafukan da ya riƙa tashi da su. Da gashin fiffiken bai fito ba, da ba abin da zai koya.

Haske ne jarrabawa mafi wuya, domin shamuwa baya baƙi ne, ciki fari. Kyamara na ganin hasken sama sai ta rage nata, tsuntsu ya koma inuwa. Ka ƙara da yawa, farin cikin ya ƙone, ba ko layin gashi. Hoton da ya isa a yaba shi ne wanda za ka ga shuɗin fuskarta, da jan gwiwarta, da ɗan ƙyallin kore a bayanta. Wannan sai da hantsi ko bayan la'asar, rana na bayan mai ɗauka. Da tsakar rana ɓata caji ne. A tafkin Lassouri, wanda ya shiga jerin muhimman dausayoyin duniya na Ramsar a 2005, matsalar daban ce: tsuntsayen ruwa daga Turai na taruwa ne da sanyi, daidai lokacin da hazo ke wanke launi, don haka kusanci ne kaɗai magani.

Ja da yatsu biyu a fuskar waya ba kusanci ba ne, buɗa hoto ne kawai har ya farfashe. A kuma bar wa tsuntsu fili ta gabansa, kada baki ya tokari gefen hoto ko a yanke fiffike.

Saboda haka in ƙaninka ya turo maka hoto, ka buɗe shi sosai ka faɗa masa inda ido ya ɓace da inda fari ya ƙone. Ka kuma ja masa kunne kada ya jefi sheƙa don shamuwa ta tashi ya samu hoto, ƙwai ko 'ya'ya ne a ciki.