Zumar Gaske Daga Bishiya Take Farawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai zuma a kasuwar Sheme ko ta Funtuwa ya san tambayar farko: "Malam, ta gaske ce?" Shi kuma amsarsa a shirye take. Zai tsoma tsinken ashana a ciki ya ƙyasta, ko ya ɗiga ta a kan yashi a ga ba ta nutse ba. Sai dai sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma zai tsallake waɗannan gwaje-gwaje, domin kauri kaɗai suke nunawa. Zumar da ta daskare da hunturu kuwa, wadda ake mayar wa mai ita a ce ya yi algus, sau da yawa ita ce sahihiya. Sukarin da Allah Ya halitta a cikinta ne ke ƙanƙarewa, kuma da an tsoma kwalbar a ruwan ɗumi take sakewa.

Ƙudan zuma yana tsotso ruwan zaƙi daga fure, wanda mafi yawansa ruwa ne tsagwaronsa. Yana gauraya shi da wani sinadari daga jikinsa mai farfasa sukarin, ya zuba a ramukan saƙa, sannan 'yan uwansa su yi ta fifita da fukafukai har mafi yawan ruwan ya ƙafe. Sai zumar ta nuna suke toshe bakin ramin da kaki. Ƙa'idar abinci ta duniya, wadda hukumomin FAO da WHO suka gindaya, ta ce kada ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin 100. Wannan ƙarancin ruwa, haɗe da ɗan tsamin da take da shi, su ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinta, har ta shekara da shekaru ba ta lalace ba.

A nan akwai gargaɗin da ya kamata kowace uwa da kowace kaka su ji. Zuma na iya ɗauke da irin wata ƙwayar cuta a kwance, wadda ba ta yi wa babba komai, amma tana tsirowa a hanjin jariri ta saki dafin da ke shanye jiki har numfashi ya gagara. Shi ya sa likitoci suka hana a lasa wa yaro zuma kafin ya cika shekara 1, kome kyanta. Warakar da Suratun Nahli ta ambata tana nan daram, amma jinjiri nonon uwa ya ishe shi.

A karkarar Tafoki, kamar sauran ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, amyar gargajiya aka sani: a saƙa ta da ciyawa, a shafe da kashin shanu, a ɗora a reshen ɗorawa ko kaɗanya. Idan bazara ta yi, mai amya ya hau da dare da damin kara mai wuta. Hikima ce ta kaka da kakanni, amma a wajen ɗiba ake ɓarna. Wutar tana ƙone ƙudan, a kwashe saƙa duka har da mai ƙwai da tsutsa, a matse wuri guda. Zumar sai ta fito da ƙaurin hayaƙi da ruwa fiye da kima, bayan 'yan watanni ta fara kumfa. Ba jabu ba ce, an dai ɗebe ta ne tun ba ta nuna ba. Amyar katako mai sanduna a sama, irin wadda aka ɓullo da ita a Kenya a shekarun 1970, tana ba mutum damar ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya, ya yanki wadda aka toshe da kaki, ya bar wa ƙudan sauran. Kowane kafinta zai iya haɗa ta.

Abin da ya fi damuna shi ne furen da kansa. Ɗorawa da kaɗanya suna fure da rani, lokacin da gonaki suke fayau, kuma su ne masu gawayi ke sarewa. Matsalar 'yan bindiga ta raba mutane da dazuzzukan da suke kafa amya. Ga feshin maganin ƙwari a gonakin auduga da wake, alhali ƙudan yakan yi tafiyar kilomita 2 zuwa 3 neman fure, ya kwaso guba daga gonar da mai amya bai ma san da ita ba. Manomin da ya kashe shi kuma kansa ya cuta, domin ƙudan ne ke kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, auduga da riɗi su ƙara 'ya'ya.

Manoma, a riƙa yin feshi da yamma lis, bayan ƙudan ya koma gida. Masu unguwanni da dagatai, a tsaya tsayin daka wajen hana saran ɗorawa da kaɗanya. Malaman gona na ƙananan hukumomin nan 3 kuma su fito su koya wa matasa kiwon zuma a kusa da gari, tunda daji ya ƙi shiguwa.