Jirgi mai lamba 828: fim ɗin da ciniki ya kashe, ciniki kuma ya tayar

Duk wanda ya taɓa zaman rumfa, a babbar kasuwar Maraɗi ne ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ya san zafin abu guda: ka biya kuɗin kaya cif, a kawo maka rabi, a ce saura na bisa hanya, daga nan ka nemi mai kayan ka rasa. To, yau labarin irin wannan bashi muka kawo maku, sai dai ba na buhun gero ko turmin atamfa ba ne. Bashin labari ne, wanda wani gidan talabijin na Amurka ya ci na miliyoyin masu kallo, da yadda aka yi aka biya shi daga baya.

Fim ne mai dogon zango, sunansa Manifest. A harshen Ingilishi wannan kalma tana nufin takardar da ake jera sunayen fasinjoji ko kayan da jirgi ya ɗauko. Gidan talabijin na NBC ne ya fara nuna shi ranar 24 ga Satumba 2018, kuma wanda ya ƙago labarin shi ne Jeff Rake.

Waɗanda suka ɓace shekara biyar da rabi

Ga yadda labarin ya taso. Ranar 7 ga Afrilu 2013, jirgin sama mai lamba 828 ya tashi daga tsibirin Jamaika zuwa birnin New York ɗauke da mutum 191. Bisa hanya suka haɗu da iska mai ƙarfi, jirgin ya yi girgiza na ɗan lokaci, sannan komai ya lafa. Da suka sauka sai suka tarar da jami'an tsaro sun kewaye su, aka shaida masu cewa yau 4 ga Nuwamba 2018. A wurinsu awoyi kaɗan ne suka wuce. A wurin mutanen duniya kuwa shekara biyar da rabi ke nan, an yi makokinsu har an share hawaye.

Mu da muka tashi da jin ƙissar Ashabul Kahfi, waɗanda suka farka suka aiki ɗayansu cikin gari da tsohon kuɗi ya sayo abinci, wannan mafari ba zai zama mana baƙo ba. Amma abin da ya kama zukatan jama'a shi ne abin da matafiyan suka tarar a gida. Iyalin Stone sun je hutu tare, jirgin farko ya cika, sai uku daga cikinsu suka karɓi kuɗin ban haƙuri suka jira na biyu: Ben, malamin lissafi, da ƙanwarsa Michaela, ƴar sanda, da ɗansa Cal mai fama da cutar kansa ta jini. Da suka dawo, mahaifiyar Ben da Michaela ta rasu. Jared, saurayin da ya nemi auren Michaela, ya auri babbar aminiyarta. Grace, matar Ben, ta karɓi kuɗin inshorar mutuwarsa, ta kuma soma sabuwar rayuwa da wani mutum. Cal yana nan yaro ƙarami, ita kuwa tagwaniyarsa Olive ta zama budurwa.

Wannan ba tatsuniya ba ce a kunnen macen da mijinta ya bi hanyar Agadas zuwa ci-rani a Libiya ko Aljeriya, shekaru suka shuɗe babu waya babu saƙo. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai kukanta ga alƙali, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Matafiyan jirgin 828 sun zarce wannan wa'adi. Saboda haka tambayar da ke gindin fim ɗin tambaya ce da muka sani: in wanda aka fid da rai da shi ya yi sallama a ƙofar gida, wa ke da laifi, kuma wa zai haƙura?

Bayan wannan sai abin al'ajabi ya shigo. Matafiyan suka riƙa jin muryoyi da ganin wasu abubuwa da ke tura su ceton mutane, abin da suka laƙaba wa suna kira. Daga baya suka gano cewa rayuwar da aka mayar masu aro ce: kwana 2037 suka ɓace, kwana 2037 aka ba su, ranar mutuwarsu za ta faɗo 2 ga Yuni 2024.

Yadda aka datse shi

Tun farko Jeff Rake ya faɗa cewa labarinsa na zango shida ne. Amma mai labari daban, mai rumfa daban. Gidan talabijin irin NBC ba ya karɓar ko tamma daga hannun mai kallo. Abin da yake sayarwa shi ne idanun masu kallo, kamfanonin da ke neman a yi masu talla su ne masu saye. Idanu da yawa, talla ta yi tsada. Idanu suka ragu, farashi ya faɗi. Daren da aka fara nuna Manifest sama da mutum miliyan 10 suka kalla a Amurka. Da aka kai zango na uku, masu zama gaban talabijin a daren nuni sun koma wajen miliyan 3.

Akwai kuma wani lissafin. Fim ɗin ba mallakar NBC ba ne, na kamfanin Warner Bros. ne. NBC haya kawai yake yi. In an sake sayar da fim ɗin ga wasu ƙasashe ko wasu kafofi, ribar aljihun mai kaya take faɗawa. Kowace mai tebur ta san cewa kayan dillanci ba a yi masu haƙurin da ake yi wa kayan kai.

Ranar 10 ga Yuni 2021 aka nuna ƙarshen zango na uku, kuma an tsaya a wuri mafi muni. Wata fasinja mai suna Angelina, wadda iyalin Stone suka ba masauki, ta daɓa wa Grace wuƙa ta gudu da jaririyarsu Eden. Cal ya ɓace, ya dawo saurayi, ya tarar da uwarsa tana numfashin ƙarshe. Kwana huɗu bayan haka, ranar 14 ga Yuni, aka ji cewa NBC ya soke fim ɗin. Kashi 42 mutane suka bi cikin shekara uku, aka bar su da gawa, da jaririyar da aka sace, da tambayar farko ba amsa: ina jirgin ya je?

Yadda aka tayar da shi

Ikon Allah, a cikin wannan sati ɗin ne kamfanin Netflix, mai nuna finafinai ta intanet, ya zuba zango biyu na farko a dandalinsa na Amurka. Ciniki a can iri dabam ne: mai kallo ke biyan kuɗin wata, ya kalli abin da ya ga dama lokacin da ya ga dama. Mutanen da ba su taɓa jin sunan fim ɗin ba suka faɗa masa, kashi bayan kashi, har ya hau matsayi na ɗaya ya yi makonni a can. Tsofaffin masoya kuma suka tayar da ƙura a kafofin sada zumunta suna neman a ceto shi.

Da fari Netflix ya ce ba ya saye. Amma da ya ga kaya na tafiya kamar ƙosai da safe, sai ya dawo kan tabarmar ciniki. Ranar 28 ga Agusta 2021, wato wata na 8 kwana na 28, daidai da lambar jirgin, aka yi shelar cewa za a yi zango na huɗu kuma na ƙarshe, mai kashi 20. Aka fito da goma na farko ranar 4 ga Nuwamba 2022, goma na ƙarshe ranar 2 ga Yuni 2023. Wanda ya lura zai ga an zaɓi ranakun da gangan: ɗaya ranar saukar jirgin ce a cikin labarin, ɗayar kuma ranar wa'adin mutuwa.

Kada mu ruɗi kanmu cewa tausayi ne ya kawo haka. Wannan kamfani da ya ceci Manifest shi ne ya soke The OA a 2019 bayan zango biyu, alhali masu shi sun tsara biyar. Shi ne kuma ya soke 1899 a watan Janairu 2023 bayan kashi 8 kacal. Dukansu labaran al'ajabi ne masu ɗaure kai, kuma har yau ba a warware ƙullinsu ba. Roƙon masoya ya taimaka, amma yawan masu kallo ne ya buɗe bakin jaka.

Kashi ashirin na ƙarshe

Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a fasa masa ƙwai, ya tsallake wannan sashe.

In da an bi ma'aunin kashi 13 a kowane zango, saura wajen kashi 39 ya rage wa Jeff Rake. Aka ba shi 20. Kayan amalanke biyu ne aka ɗora wa guda, kuma ana ganin alamar haka. Zango na huɗu ya buɗe da tsallake shekara biyu lokaci ɗaya. Ben ya bar gemu, ya zama kamar zautacce wajen neman ƴarsa, har Allah ya sa ya same ta. Cutar Cal ta dawo, sai Zeke, mijin da Michaela ta aura, ya janye ciwon zuwa jikinsa ya mutu a madadinsa. A kashi goma na ƙarshe, hukuma ta tattara fasinjojin ta kulle su a wani gidan tsaro saboda jama'a na jin tsoronsu, ƙasa kuma tana tsagewa tana fid da wuta.

Masu labarin sun kwaso abubuwa daga wurare da dama suka zuba a tukunya ɗaya: guntun katakon da aka ce na jirgin Annabi Nuhu ne, da sikelin awon zuciya na tsofaffin mutanen Masar, da wani dutse mai daraja da ke ƙara ƙarfin kira. A nan muna jan hankalin masu kallo, musamman masu kallo da yara, cewa wannan ƙagaggen labari ne, ba wurin ɗaukar karatun addini ba.

Ranar wa'adi ta zo. Cal ya ba da ransa, jirgin 828 ya ɓullo daga cikin ƙasa, fasinjojin suka sake shiga. A sararin sama aka yi masu hisabi. Waɗanda aikinsu bai kai ba suka ƙone suka zama toka a kan kujerunsu, har da Angelina. Sauran suka tsira saboda abin da suka aikata cikin kwanakin aron da aka ba su: mai son kai ya miƙa ransa don wani, mai ƙullaci ya yafe, shi kansa Ben sai da ya yafe wa wadda ta kashe matarsa. Daga nan jirgin ya shiga wani haske, suka fito suka ga kansu a filin jirgin New York ranar 7 ga Afrilu 2013, kamar ba a yi komai ba. Grace na tsaye da ranta tana jiran mijinta. Mahaifiyarsu na nan. Cal ya koma yaro. Michaela ta sallami Jared cikin mutunci, ta fita ta nemo Zeke a cikin tasin da yake tuƙawa. Mutum 11 ne kawai babu su, kuma fasinjoji manya kaɗai ke tuna abin da ya faru.

Shin an biya bashin?

A ganinmu bashi biyu ne, kuma ɗaya aka biya. Bashin masu kallo an sauke shi: an faɗi inda jirgin ya je, an kai kowa masaukinsa, an rufe littafi a kashi na 62. Alkawari kaya ne, kuma waɗanda suka bi finafinan da aka datse a tsakiya sun san darajar wannan.

Bashi na biyu kuwa, na waɗanda aka bari a gida ne, kuma shi ne aka zille wa. Fim ɗin ya fara da tambaya mai nauyi a kan macen da ta yi jira har ta gaji, da yarinyar da ta girma babu uba, da saurayin da ya yi aure bisa zaton mutuwa. A ƙarshe sai aka mayar da hannun agogo baya, aka shafe jiran gaba ɗaya. Grace ta ƙarshen fim ba ta taɓa zaman makoki ba, ba ta san an yi ba. Ita kuma Eden, wadda aka sha kashi da kashi ana nemanta, ba a ma haife ta ba tukuna. Abin ya yi daɗin kallo, mun kuma ji ƙwalla ta taru mana, amma a duniyar da muke ciki ba a mayar wa kowa shekara biyar. Matar ɗan ci-rani da ta riƙe gida da kuɗin tuyar ƙosai da adashe, in maigida ya dawo, shekarun nan suna nan a fuskarta da ta ƴaƴanta, kuma daga nan za a ɗora, da haƙuri da yafiya. Da masu labarin sun sami zangonsu shida, wataƙila da sun tsaya a kan wannan. Gaggawa ta sa suka bi gajeriyar hanya.

Shawararmu ga masu ɗora finafinai a katin waya don kallon dare bayan an tashi kasuwa ita ce, kafin ku zuba kuɗinku da barcinku a fim mai dogon zango, ku tambaya ko an kammala shi, kamar yadda ba ku biyan buhu sai kun soka masa hannu. Manifest dai an kammala shi, zango huɗu, kashi 62, kuma ya cancanci kallo ko don rabinsa na farko.

Allah ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, ya ba masu jira haƙuri, ya kuma sa albarka a kasuwa.